Ghali Na'Abba da Obasanjo: tsayin daka ne ko taurin kai?

Auwalu Mai POS: Salamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga manyanmu. Duk ranar da majalisar tarayya ta amince wa shugaban ƙasa ya ciwo wani sabon bashi, sai in ga mutane suna ta rubuta "Allah ya jiƙan Ghali Na'Abba". Ni lokacin da ya yi kakakin majalisar wakilai ko firamare ban gama ba. Wai me mutumin nan ya yi ne? In kuma har ya yi abin kirki haka, me ya sa mu Kanawa da kanmu muka kayar da shi a 2003? Ni dai lissafin bai haɗu mini ba.

Kawu Na-Fagge: Wa alaikumus salam, ɗana. Ka yi tambaya mai kyau, kuma rabin ta na biyu ya fi na farko ciwo. Bari in faro maka daga tushe. Ghali ɗan cikin birni ne, an haife shi a 1958, mahaifinsa Alhaji Umar Na'Abba ɗan kasuwa. Ya yi Kwalejin Rumfa, ya tafi Zariya ya karanta kimiyyar siyasa a ABU, ya gama a 1979. Da soja suka miƙa mulki a 1999 ya ci kujerar wakilin Birni a PDP. Amma ba shi aka fara naɗawa kakaki ba. Salisu Buhari ne, shi ma ɗan Kano. Ba a yi wata biyu ba mujallar TheNews ta tono cewa takardar digirin da ya ce ya samo a jami'ar Toronto ta bogi ce, kuma shekarunsa ba su kai 30 ɗin da doka ta gindaya a lokacin ba. Ya sauka yana hawaye a gaban majalisa a watan Yuli. Tun da an riga an ware wa yankinmu kujerar, sai 'yan majalisa suka ɗora Ghali. Ka ga tun farko da nauyin wanke sunan Kano ya hau.

Auwalu Mai POS: To Kawu, ai duk jam'iyyarsu ɗaya da Obasanjo. Ina rigimar ta samo asali?

Kawu Na-Fagge: Daga hali. Obasanjo soja ne, ya mulki ƙasar nan daga 1976 zuwa 1979 ba tare da kowa ya ce masa kawo lissafi ba. Ya dawo da farar hula amma hannunsa bai manta ba. Shekara 15 da ɗoriya ƙasar ta yi babu majalisa mai cikakken iko, tun da aka kifar da Shagari a ƙarshen 1983. In soja sun yi juyin mulki, ministoci ba sa ɓacewa, alƙalai ba sa ɓacewa, majalisa kaɗai ake rufewa. Saboda haka a 1999 ita ce marainiya a cikin ukun. Ba ma'aikata ƙwararru, ba ofisoshi isassu, ba al'ada. Obasanjo yana ganin su a matsayin yaran da za su sa hannu kawai. Ghali ya ce ba haka tsarin mulki ya ce ba.

Ɗan Lauya: Kawu ya faɗi gaskiya, bari in ɗora misali ɗaya da kowa zai iya dubawa. Hukumar raya yankin Neja Delta, NDDC. Majalisa ta gyara ƙudurin da fadar shugaban ƙasa ta aiko, musamman wajen kuɗin da za a riƙa zuba wa hukumar. Obasanjo ya ƙi sa hannu. Sashe na 58 na kundin tsarin mulki ya ce in shugaban ƙasa ya hau kujerar na-ƙi, majalisun biyu za su iya sake zartar da ƙudurin da kashi biyu bisa uku, ya zama doka ko ya so ko bai so ba. A watan Yunin 2000 suka yi hakan. A majalisar wakilai mutum 360 ne. Ku lissafa abin da ake bukata kafin a tsallake shugaban ƙasar da jam'iyyarsa ce ke da rinjaye. Wannan ba aikin mai hayaniya ba ne kawai, aikin wanda ya iya haɗa kan mutane ne. Kuma ku lura, Bakano ne ya jagoranci wannan don amfanin mutanen Bayelsa da Ribas.

Maman Walida: Ku yi haƙuri in ɗan kawo cikas. Kawu, da girmanka, amma kuna ba da labarin kamar waliyyai ne suka zauna a majalisar nan. Ni ina koyarwa a lokacin, albashinmu ba ya kai mu tsakiyar wata. Abu na farko da muka fara ji daga majalisar 1999 shi ne kuɗin kayan ɗaki. Naira miliyan 3.5 ga kowane sanata, miliyan 2.5 ga kowane ɗan majalisar wakilai. Ƙungiyar ƙwadago ta Oshiomhole har zanga-zanga ta yi musu a Abuja. Tun daga ranar talaka ya yanke hukunci a kansu. Don haka in Obasanjo ya fito ya ce ɓarayi ne, mutane ba sa bukatar a kawo musu shaida. Su suka ba shi sandar da ya doke su da ita.

Kawu Na-Fagge: Malama, ban ce waliyyai ba ne. Kuɗin kayan ɗaki kam abin kunya ne, kuma ya bi su har ƙarshen wa'adinsu.

Maman Walida: To ai shi ne. Ni abin da nake ƙi a irin wannan hira, da mutum ya rasu sai a wanke shi tas. Allah ya jiƙansa, amma majalisarsa ce ta kafa wannan ɗabi'a ta alawus-alawus da har yau muke kuka da ita.

Bakatsine: Malama ta taɓo inda nake so. Ni ban yarda cewa faɗa da shugaban ƙasa shi ne ma'aunin kakaki nagari ba. Bayan Ghali, namu Aminu Bello Masari ya hau daga 2003 zuwa 2007. Mutum mai sanyin hali, ba ka jin sa a jarida kullum. Amma a zamanin wace majalisa aka binne tazarcen Obasanjo? A watan Mayun 2006 ne, Ken Nnamani na shugaban dattawa, Masari na kakaki. Ba zagi, ba wa'adin sati biyu, kuma abin da ya fi kowane girma shi suka hana. Ghali ya yi shekara huɗu yana kokawa, Obasanjo ya sake cin zaɓe, shi ya koma gida.

Ɗan Lauya: Yallaɓai Bakatsine, a zauren dattawa aka kashe ƙudurin ran 16 ga Mayu, wakilai suka bi baya. Ba na rage wa Masari komai. Amma tambaya ita ce, wa ya koya wa 'yan majalisar 2006 cewa ana iya ce wa Obasanjo a'a a kwana lafiya? Da yawa daga cikinsu sun zauna a majalisar farko. Ka duba abin da ya faru a ɓangaren dattawa tsakanin 1999 da 2003: Evan Enwerem ya hau ya sauka, Chuba Okadigbo ya hau aka tsige shi, sannan Anyim Pius Anyim. Shugabanni uku cikin shekara huɗu. A ɓangaren wakilai kuwa, tun da Ghali ya hau ba a iya ɗaga shi ba, kuma ba don ba a gwada ba.

Auwalu Mai POS: An gwada tsige shi ke nan?

Kawu Na-Fagge: An gwada fa! Ɗana, wannan da idona na gani a talabijin, ba labari aka ba ni ba. A ƙarshen shekarar 2000 ne. Ana zaman majalisa sai aka shigo da jakar gana-masgo, aka zazzage ɗaurin kuɗi a kan teburin da ake ajiye sandar majalisa. Bandir-bandir, naira miliyan 4. Adams Jagaba na Kaduna, wanda ke shugabantar kwamitin yaƙi da cin hanci, yana cikin waɗanda suka fito da maganar. Suka ce kuɗin da aka raba ne don a tsige kakaki, kuma suka nuna yatsa ga ɓangaren zartarwa. Fadar shugaban ƙasa ta musanta. Zauren ya kaure, wasu har da ba hammata iska. Mu muna zaune a shagon mai shayi an ɗora ƙaramar talabijin a kan benci, wani tsoho da ke kusa da ni ya ajiye kofinsa ya ce, "Yau kuma kuɗi ne ke ba da shaida." Tun daga lokacin in ka ce gana-masgo a siyasar Najeriya kowa ya san ba kayan sawa kake nufi ba.

Maman Walida: Kawu, to kuɗin ina suka shiga daga baya? Wa aka ɗaure?

Kawu Na-Fagge: Ba wanda aka ɗaure, Malama.

Maman Walida: Na gode.

Ɗan Lauya: Malama ta ci wannan, ba musu. Amma dalilin da ya sa ba a iya cire shi ba yana da muhimmanci ga tambayar Auwalu. Tsarin mulki ya ce sai kashi biyu bisa uku na dukkan 'yan majalisar, wato 240, kafin a cire kakaki. Ghali ya gane cewa ƙarfinsa ba a hedikwatar PDP yake ba, a cikin zauren yake. Ya jawo 'yan jam'iyyun adawa, APP da AD, a jiki, ya raba kwamitoci yadda kowa ya samu, ya sa ɗan majalisa daga Borno da na Legas suka ji cewa in aka wulaƙanta kakaki su aka wulaƙanta. Mataimakinsa Chibudom Nwuche, ɗan Ribas, ya tsaya tare da shi. Za ka iya cewa siyasar rabon muƙami ce. E, ita ce. Amma da ita ya gina majalisar da ba a iya saye gaba ɗaya ba.

Sai kuma maganar dokar zaɓe ta 2001, wadda mutane suka manta. Bayan majalisa ta gama aikinta, sai aka ga wani sakin layi a cikin dokar da aka sa wa hannu, wanda zai hana sababbin jam'iyyu shiga babban zaɓe sai sun fara nuna ƙarfi a zaɓen ƙananan hukumomi. 'Yan majalisar wakilai suka ce su ba su zartar da wannan ba, cusa shi aka yi. Aka yi ta jifan juna da laifi tsakanin fada da shugabannin majalisa, daga ƙarshe aka cire shi. Ku yi tunanin a ce yau ne. Wa zai ma karanta dokar bayan an sa hannu, balle ya gane an ƙara wani abu?

Bakatsine: Na ji. To mu zo kan yunƙurin tsige Obasanjo. Nan ne nake cewa ya wuce gona da iri.

Kawu Na-Fagge: Ran 13 ga Agusta 2002 majalisar wakilai ta ba Obasanjo sati biyu ya sauka ko a tsige shi. Daga baya suka jero laifuffuka 17. A ciki akwai ƙin aiwatar da kasafin kuɗi yadda aka zartar, da kashe kuɗin da majalisa ba ta amince da su ba, da tura soja Odi a 1999 da Zaki Biyam a 2001 ba tare da izinin majalisa ba. Ka san abin da aka yi a garuruwan nan, an kashe farar hula, an rusa gidaje. Wanne ne ƙarya a ciki? Obasanjo ya fara da cewa wasa ne. Da ya ga dattawa ma sun fara ɗaukar maganar, sai ga shi yana rubuto amsa ɗaya bayan ɗaya. Sai da Janar Gowon da Alhaji Shehu Shagari suka shiga tsakani kafin wutar ta lafa.

Bakatsine: Ba ƙarya a ciki, Kawu, amma akwai lokaci. Saura wata takwas zaɓe. Dimokuraɗiyyar shekararta uku kacal. Mutanen Kudu maso Yamma suka ɗauka 'yan Arewa ne ke son ƙwace mulkin da suka bayar, har waɗanda ba su zaɓi Obasanjo a 1999 ba suka koma bayansa. Ba ka ganin yunƙurin ne ma ya taimaka masa ya cinye yankinsa a 2003? Da abin ya ɓaci soja suka dawo fa?

Ɗan Lauya: Wannan hujja ce mai nauyi, kuma da yawa sun faɗe ta a lokacin. Amma tsigewa ba juyin mulki ba ne, sashe na 143 ne. Kashi ɗaya bisa uku su sa hannu a takardar zargi, kashi biyu bisa uku na kowace majalisa su yarda a bincika, alƙalin alƙalai ya naɗa mutum bakwai, su kawo rahoto cikin wata uku, a sake ƙuri'a. Hanya ce mai tsawo da gangan. Ko Ghali ya san da wuya a kai ƙarshenta. A ganina abin da yake nema shi ne shugaban ƙasa ya san akwai ranar da za a tambaye shi. In kuma muka ce kada a taɓa shugaba don dimokuraɗiyya jaririya ce, yaushe za ta girma? Yau shekararta fiye da 25, har yanzu ana ce mana a bi a hankali.

Ɗan Damagaram: Ina bin ku daga nan Nijar. Ku gode wa Allah shugabanku ba shi da ikon rusa majalisa. A wajenmu tsarin wancan lokacin ya ba shi. A 2009 da Shugaba Tandja ya so tazarce, majalisar da Mahamane Ousmane ke shugabanta ba ta ba shi haɗin kai ba, sai kawai ya rushe ta a watan Mayu. Bayan wata tara soja suka ɗauke shi. Da Obasanjo na da wannan iko, ina jin Na'Abba ba zai kai 2001 ba.

Kawu Na-Fagge: Wallahi ko 2000 ba zai gama ba, ɗan'uwa.

Maman Walida: Ni fa har yanzu akwai abin da ba ku taɓo ba. ICPC, hukumar yaƙi da cin hanci. Hukumar ta fara binciken Ghali a 2002 kan ƙorafin kuɗi. Me majalisa ta yi? Ta tashi ta sake rubuta dokar hukumar, Obasanjo ya ƙi sa hannu, suka tsallake shi a 2003 ana gab da tafiya. Kotu ce ta soke abin da suka yi. To wannan ma 'yancin majalisa ne, ko kare kai?

Ɗan Lauya: Su sun ce an mayar da hukumar karen farautar fada. Kuma ba wata kotu da ta taɓa samun Ghali da laifi, wannan a rubuta. Amma ni ba zan kare wannan mataki ba. Wanda ake bincike bai kamata ya riƙe alƙalamin gyara dokar mai bincikensa ba, ko da yana da gaskiya.

Auwalu Mai POS: To yanzu a dawo kan tambayata ta biyu. Ya aka yi ya faɗi?

Kawu Na-Fagge: Shi dai har ya bar duniya yana cewa daga sama aka shirya masa. Kuma ba wanda zai ce fada ta yi baƙin cikin faɗuwarsa. Amma ni da na kaɗa ƙuri'a a Kano a watan Afrilun 2003 zan gaya maka abin da na gani. Guguwar Janar Buhari ce, ɗan takarar ANPP mai alamar masara. Mutane sun ƙullaci Obasanjo, sun ƙullaci duk abin da ke da lemar PDP a jikinsa. Aka ce a kasa, a tsare, a raka. Kwankwaso yana kan kujerar gwamna Malam Shekarau ya kayar da shi. Mai ƙuri'a bai tsaya tantance wane ɗan PDP ne ke yaƙar Obasanjo, wane ne ke masa fadanci ba, masara kawai yake nema a takarda ya dangwala. Abin takaicin ke nan. Mutumin da ya fi kowa tsaya wa Obasanjo a wuya, ƙiyayyar Obasanjo ce ta tafi da shi.

Hajiya Ta Ƙofar Mata: Alhaji, ka bar ɗaya. Ni 'yar mazaɓarsa ce. Mata a unguwarmu ba ruwansu da sashe na kaza. Abin da suke tambaya, da ya zama na huɗu a ƙasa, me ya shigo unguwa? Ana ganin sa a talabijin, ba a ganin sa a layi. Ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba, haka aka riƙa faɗa a gidajen biki, kuma da wannan aka je rumfar zaɓe.

Ɗan Lauya: Hajiya, wannan ita ce matsalar har gobe. Aikin ɗan majalisa uku ne: yin doka, sa ido a kan yadda ake kashe kuɗi, da kai kukan mazaɓa. Gina rijiyar burtsatse aikin ƙaramar hukuma ne. Amma da yake ƙananan hukumomi sun mutu a tsaye, sai aka juya kan ɗan majalisa. Shi kuma ayyukan mazaɓu daga hannun wa suke fitowa? Ɓangaren zartarwa ne ke sakin kuɗin. Ka yi faɗa da fada, a riƙe naka, mutanenka su ce ba ka kawo komai ba. Ka yi shiru, a sake maka, ka raba Keke Napep da injin markaɗe, ka dawo karo na huɗu. Duk ɗan majalisar da ya ga abin da ya samu Ghali ya karanta wannan lissafi. Mu da kanmu muke ƙera 'yan amshin shatan da muke zagi.

Hajiya Ta Ƙofar Mata: Ɗana, sannu da turancin lauyoyi. Amma matar da ke sayen ruwa jarka-jarka a wajen 'yan garuwa ba za ka ce mata ta zaɓi sa ido ba. Ku da kuka yi boko ku fara gyara ƙaramar hukumar, sannan ku zo ku yi mana wa'azi.

Bakatsine: Kuma kada a ce bayansa ba a sake yin mai tsayawa ba. Tambuwal ya hau a 2011 ba da son PDP ba, ita Mulikat Akande take so. A Nuwamban 2014 'yan sanda suka rufe ƙofar majalisa, muka ga manyan mutane da babbar riga suna haura katanga. Dogara ma a 2015 ba shi jam'iyya ta tsayar ba.

Kawu Na-Fagge: Haka ne, amma ka lura rigimarsu yawanci a kan wa zai hau kujera ne da sauya sheƙa. Ta Ghali a kan kasafin kuɗi ce da iyakar ikon shugaba. Kuma dukkansu a kan turbar da ya share suka bi. Shi kuwa bai sake riƙe zaɓaɓɓen muƙami ba. Ya bar PDP, ya dawo, ya shiga APC, ya fice kafin zaɓen 2019 yana sukar yadda ake tafiyar da ita. A 2020 suka kafa wata haɗaka da su Pat Utomi don neman hanya ta uku, ba ta yi nisa ba. Ya rasu a Abuja ran 27 ga Disamba 2023 yana da shekara 65, aka kawo shi Kano aka yi masa sutura.

Maman Walida: Allah ya jiƙansa da rahama. Ni matsayina bai canja ba: jarumi ne a gaban Obasanjo, amma majalisarsa ba ta yi wa kanta faɗan da ta yi wa fada ba.

Auwalu Mai POS: Amin. Na ƙaru sosai. Amma Kawu, tsakani da Allah, ka ce ka kaɗa ƙuri'a ranar. Fagge mazaɓarku daban, na sani. Da a Birni kake, lema za ka dangwala wa saboda Ghali, ko masara?

Kawu Na-Fagge: Kai yaron nan ba ka da kunya. Ƙuri'a sirri ce.

Hajiya Ta Ƙofar Mata: Masara ya dangwala, Auwalu. Duk masara muka dangwala.